Leburan Da Ya Fito A Majigi

A shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa na fara leburanci. Gonarmu tana cikin fadama, gabas da Haɗeja, kuma a damunar nan kogi ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kwanta a kan shukarmu har ta ruɓe. Lokacin ina da sabon aure, watanmu huɗu da amarya. Mahaifina masunci ne, ya daɗe da rasuwa, ya bar mini komar kamun kifi ɗaya da gorar da yake hawa a ruwa. Innata tana bandar kifi tana kaiwa kasuwa, amma abin bai isa ya ciyar da mutum uku ba. Da kaka ta wuce rumbu ba komai, sai na ji wani ɗan kwangila yana ɗaukar mutane aikin jinga, wato tudun ƙasar da ake tayarwa don hanyar mota ta ratsa fadama ruwa bai shafe ta ba. Na je na shiga layi, aka ɗauke ni. Turawa suna nan a lokacin, saura 'yan shekaru su tafi.

Aikin kansa ban ƙi shi ba. Wasu na sara da diga, wasu na lodi da shebur, mu kuma matasa muna ɗaukar ƙasa a kwanon sarki mu hau jinga mu juye. Da safe fadamar nan tana da daɗin kallo. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, su tashi garke guda, su rufe sama, mu bi su da waƙa. Wanda yake yi mini lodi wani dattijo ne Babarbare, kakanninsa daga wajen tafkin Cadi suka zo. Muna ce masa Baba. Kullum da gutsuren goro a kumatunsa, kuma bai taɓa cika mini kwano ya yi tozo ba.

Abin da na ƙi shi ne helma, mai kula da mu. Ƙato ne, yana yawo da sandar giginya. Tun ranar farko da ya ji ɗan masunta ne ni, ya toshe hanci ya ce, "Wa ya kawo mana tarwaɗa wajen aiki?" Daga nan sunan ya bi ni. In an zauna cin abinci a inuwar kuka, sai ya ce in matsa can kada ƙarni ya hana mutane ci. Kowace safiya in muka jeru, sai ya sa sanda ya ture mini hula ta faɗi, ya jira in sunkuya in ɗauka. Mutane su yi dariya, ba don abin ya ba su dariya ba, sai don kowa yana tsoron a ce masa gobe kada ya zo. Rigata ɗaya ce tak, ta sha faci har ba a gane asalin yadinta. Ita ma ba ta tsira ba, yakan ce in ba shi aronta ya tsorata tsuntsaye a gona.

Ban taɓa faɗa a gida ba. In na dawo matata ta tambaye ni aiki, sai in ce lafiya lau. Baba ne kawai yakan ɓantaro goro ya miƙo mini, ya ce, "Tauna, ɗan nan. Bakin da ke tauna ba ya zagi."

Ana nan wata rana da hantsi sai ga wata mota ta tsaya a gindin jinga. Bature ya sauko, siriri, hancinsa ya yi ja don rana. Bayansa wani Bakano mai ƙaton agogo, shi ne tafinta. Suka sauke wani baƙin akwati mai ƙafa uku, na ɗaukar hoton majigi. Duk mun san majigi, don yakan zo gari a kafa farin ƙyalle a nuna mana yadda ake haƙa masai ko yadda ake tsince gyaɗa. Amma ba wanda ya taɓa tunanin mutane ne irinmu ake sawa a ciki.

Tafinta ya tara mu ya ce wannan karon labari za a yi. Labarin wani talaka ne da ruwa ya ci gonarsa, ya shiga leburanci, shugaban aiki ya matsa masa, daga baya wani babban jami'i ya zo ya cece shi. Na zaci wani ne ya kai musu labarina. Tafinta ya ce ɗan kwangila ya yarda a ɗauka a nan, kwana shida, kuma ana son mutum ɗaya ya zama talakan.

Kashegari helma ya zo da babbar riga mai aska, ya sha turare, ya tsaya a gaban akwatin yana gyara tsayuwa. Bature ya dube shi, ya wuce. Ya bi layi yana duban mutane har ya iso kaina. Ya zagaye ni sau biyu, ya taɓa facin kafaɗata, ya yi wa tafinta magana.

Tafinta ya ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce, "A cikinsa na tashi."

Ya ce, "To kai ne. Amma don Allah kada ka canza rigar nan."

Na ce masa ko na so ba ni da wata. Aka fashe da dariya, har da ni. Helma ya ɓata rai, sai tafinta ya ce masa shi ne zai fito a shugaban aiki, don ba wanda ya fi shi kwarjini. Nan take ya saki fuska, ya hau murza gashin baki. Baba kuma aka ce shi ne mahaifina a labarin.

Da na koma gida na ba da labari, matata ta yi tsalle ta riƙe baki. Daga nan ta ce ai ba zai yiwu a nuna mijinta ga duniya da wannan tsumma ba, ta ɗauko allura da zare. Da ƙyar na ƙwace rigar. Na ce mata saboda tsumman aka zaɓe ni. Ta tsaya tana dubana, ta ce, "Wato duk garin nan ba wanda ya kai ka yagaggiyar riga, Yaya?" Muka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta ce mu rage. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ita Inna ta koma ɗakinta. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane. Sai dai da safe na ga ta ajiye mini karfasa mafi girma a cikin bandarta.

Kwana ukun farko wasa muka sha. Akwatin ba ya ɗaukar murya, hoto kawai, saboda haka duk abin da muka ga dama muke faɗa. Aka ce Baba ya dafa kaina ya yi mini nasiha irin ta uba. Ya dafa, ya marairaice fuska, ya ce, "Ɗan nan, Baturen nan in ya ƙara awa ɗaya a rana sai ya gasu kamar gaiwa." Na cije leɓe don kada in yi dariya, hawaye suka zubo mini. Bature ya yi ta tafi, wai na iya kuka. Aka kai ni bakin kogi na hau gorar mahaifina na jefa koma, sau bakwai ana sakewa, don duk sanda na jefa sai girgije ya rufe rana. An ba wasu leburori fallayen kwano su riƙa hasko mini fuska. Wanda aka saba aikena in ɗebo masa ruwa, ga shi yana bina da kwano yana tambaya ko hasken ya yi mini yawa.

A rana ta huɗu aka zo kan babban wurin. Tafinta ya tsara mana: za mu jeru, helma ya zo ya ture mini hula, ni kuma in durƙusa in haɗa hannu ina roƙonsa kada ya kore ni. A nan jami'in zai bayyana. Maganar ture hula ba ta cikin labarinsu tun farko, helma ne ya kawo shawarar, ya ce shi ya san yadda ake yi.

Aka fara. Ya ture hular, na durƙusa. Bature ya ce a sake, wai wani ya kalli akwati. Aka sake. A karo na uku sandar ta same ni a kunne. A na huɗu ya ture hular ya taka ta da takalmi, ya sunkuyo ya ce, "Yau duniya za ta ga yadda tarwaɗa take birgima." Yana murmushi, don ya san akwatin ba ya ji.

Ina durƙushe a ƙasar nan sai na tuna farin ƙyallen. Na tuna za a kafa shi a tsakiyar gari, Inna tana zaune, matata tana zaune, surukaina suna zaune, su ga ni a kan gwiwa gaban mutumin nan. Wata biyar ina ɓoye musu abin, yanzu ga shi za a nuna musu shi da girman bango.

Aka ce a sake na biyar. Akwati ya fara ƙara. Helma ya zo ya ture hular. Na sunkuya na ɗauka, na kakkaɓe ta a cinyata, na mayar kaina, na gyara mata zama. Ban durƙusa ba. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Helma, ina da suna, ranar suna aka yanka mini rago kamar kowa. Ubana masunci ne, da kifi ya raine ni, kuma ban ga ranar da aka kawo maka kifi ka mayar ba. Ƙasa aka ɗauke ni in ɗauka, zan ɗauka har magariba. Hulata ba ta cikin aikin."

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar akwati. Helma ya ɗaga sanda. Sai na ji motsi a gefena, ashe Baba ne ya fito daga layi ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, yana taunar goronsa. Wani mai diga ya biyo shi. Sai wani. Kafin a jima layin duka ya dawo bayana. Sandar ta tsaya a sama, ta sauko a hankali.

Tafinta ya taho da gudu yana cewa, "Ba haka aka tsara ba! Ka ɓata mana!" Bature kuwa bai ɗaga ido daga akwatin ba sai da sandar ta taɓa ƙasa. Sannan ya tambayi me na ce. Tafinta ya juya masa, ina jin ya rage wani abu, don fassarar ta yi gajarta. Bature ya sosa hancinsa, ya ce a bar shi haka. Malamin da aka ɗauko daga gari don ya fito a jami'i, wanda tun safe yake zaune a inuwa da farar kwat, aka ce masa ba a bukatarsa. Ya tafi yana mita.

Da masu majigi suka tafi, na san akwai saura. Washegari muna jeruwa helma ya nuna ni da sanda ya ce in ajiye kwano in tafi gida. Na ajiye. Baba ya kafa sheburinsa a ƙasa ya ce, "To, mu ma mun tashi." Mutum ya fi talatin suka ajiye kayan aiki. Ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas, jinga kuwa da saura, kuma helma ya san abin da zai tarar wajen ɗan kwangila in ruwa ya sauka ba a gama ba. Ya dubi sama, ya dube mu, ya ce, "Wasa nake yi. Ku kama aiki."

Ba zan ce mun zama abokai ba. Amma daga ranar bai ƙara taɓa hulata ba, kuma da sunana yake kirana, ko da yake kamar sunan yana ƙona masa harshe. Da azahar na zauna a tsakiyar inuwar kuka, na kwance ƙunshin kifin Inna, hannu ya fi goma a ciki.

Muka gama jinga, damuna ta sauka, shinkafa ta yi kyau a shekarar. Har mun fara mantawa, sai bayan kaka, muna wani aikin gyaran hanya da mutanen nan dai, mai shela ya zaga gari yana cewa yau bayan magariba akwai majigi a filin kasuwa, kuma 'yan gari ne a ciki.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Har daga ƙauyukan Baturiya mutane suka zo, wasu a jaki, wasu a ƙafa. Masu ƙosai da masu rake suka kafa kasuwa. Mata suka zauna gefe guda, na hango matata ta ci kwalliya ta riƙo hannun Inna, wadda da farko ta ce ita ba za ta je kallon inuwa ba. Ni da Baba muka zauna a gaba. Helma yana can a kan kujera, cikin babbar rigarsa.

Inji ya tashi, haske ya faɗa kan ƙyalle. Sai ga kogin Haɗeja, ga tsuntsaye, ga wani mutum a kan gora yana jefa koma. Na ɗan jima ban gane ni ne ba. Sai da yara suka kwashe da ihu suna nuna ni, suna duban ƙyalle suna dubana. Ban taɓa ganin bayana ba sai ranar. Ashe kunnuwana a buɗe suke haka.

Tafintan nan ne yake magana a lasifika, yana sa mana kalmomi a baki, yana canza murya. Da aka zo inda Baba ke dafa kaina, ya yi muryar tsoho ya ce, "Ɗana, ka riƙe gaskiya da haƙuri." Mu da muka san abin da aka faɗa a wurin muka kwanta a ƙasa don dariya, sauran jama'a suna ce mana mu yi shiru, ba mu da tausayi.

Aka nuno ni ina hawa jinga da kwanon sarki, gumi yana zuba. Sai na ji wata murya daga wajen mata, da ƙarfi: "Kai, ku rage masa! Ba ku ga wuyansa ba?" Inna ce. Matar da ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ita ta haife ni ba, ga ta tsaye tana yi wa ƙyalle faɗa. Mata suka janyo ta ta zauna suna dariya, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da helma ya fito da sandarsa, filin ya ɗauki "Allah wadai!" Wani ya jefi ƙyallen da ɓawon rake. Ya ture hular, sai kowa ya yi shiru. Na ga kaina na sunkuya, na ɗauka, na kakkaɓe, na sa. Na ga na fi shi tsawo, abin da ban taɓa lura ba. Ban san me tafinta ya faɗa a nan ba, don guɗa ta rufe lasifikar. Maza suka miƙe tsaye. Aka yi ta ɗaga ni sama ana saukewa, har hular tawa ta ɓace a cikin taro, sai da wani ya tsinto mini.

Da aka watse ina neman su Inna, sai na ci karo da helma a bayan motar majigi, shi kaɗai. Na yi masa sallama zan wuce, ya tsayar da ni. Ya ce, "Ashe haka fuskata take in ina yi?" Na ce haka take. Ya jinjina kai. Sannan ya ce, "Uwata tana cikin matan nan." Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya tafi.

A hanyar gida matata ta ce, "Yaya, wannan ture hular, wasa ne ko da ma yana yi?" Na faɗa mata gaskiya. Ta ce da ta sani da ta zuba masa barkono a fura. Inna tana gaba, ba ta waiwayo ba, sai dai na ji ta ce, kamar da hanya take magana, "Wancan na cikin ƙyallen ya kyauta."

Mutum ɗaya ne bai gamsu ba, Baba. Ya ce a wurin da ya fito ya tsaya kusa da ni, rabinsa kawai aka nuna, kafaɗa ɗaya da kunne. Muka ce masa haka hoton yake. Ya ce a'a, ƙyallen ne ya yi ƙanƙanta. Da ya ji motar za ta wuce Jahun, sai ya ɗauki hutu ya ari jakin maƙwabcinsa ya bi ta, ko a can za a kafa babba.

Bayan kwana biyar ya dawo, ya yi baƙi ya rame, ya same mu a inuwa muna cin abinci. Muka taso masa da tambaya. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ɓantari goro tukuna. Ya ce can ma rabinsa aka nuna, mutanen banza. Sannan ya juyo ya dafa gwiwata ya ce, "Amma ɗan nan, ka yi ƙoƙari. Na zuba ido sosai, ina tsoron ko baƙunta za ta sa ka karaya. Wallahi a Jahun ma ba ka durƙusa ba."